Makuba ko siminti a bulon ƙasa na inji?

Ɗan Adar: Salamu alaikum jama'a. Jiya a fada wani ya rantse mini wai in ka kwaɓa jar ƙasa da ruwan makuba (na ɓawon ɗorawa) ka matse ta a inji, bulon ya kai na siminti ƙarfi, ni kuma ina shirin ɗaki biyu nan Tawa kuma kuɗin siminti ya isheni, ga kamfanin siminti na Malbaza kusa da mu amma buhu sai hawa yake. Mi kuka gani?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ya ƙara gishiri. Abin da muka saba shi ne siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a matse, a lulluɓe da leda yana shan danshi har kwana 28. Makuba tana taimakawa wajen ruwa amma ba ta ɗaure yashi kamar siminti

Baba Magini: Yaro, masallacin Yama da Falke Barmu ya gina a 1962 buhu nawa ya ci? Ƙasa ce da ciyawa, har lambar Aga Khan ya samu a 1986

Injiniya: Allah shi ƙara girma Baba, amma ai Yama ba bulon inji ba ne, kuma mutanen gari na sake mishi yaɓe. In misalin inji ake so ga sabon masallacin Dandaji na mai zanen gini Mariam Kamara, 2018

Baba Magini: To ji nan. Ɓawon ɗorawa ake jiƙawa har ruwan ya yi ja kamar shayi ya yi kauri, ka taɓa bango bayan ya bushe ka ji shi sumul, ruwa na zamewa. Da hannuna na yi, ba a takarda na gani ba

Maman Hadiza: Baba ina ɗorawar take a Adar? Sai dai a kawo daga wajen Gaya, kuɗin mota ma ya cinye ribar. Bagaruwa ce muke da ita, majema na jima da ita, mi zai hana a gwada?

Ɗan Adar: ƙaro fa?

Injiniya: Ƙaro narkewa yake a ruwa ai. Ni na taɓa ganin katanga da aka yi ba siminti ko kaɗan, sama lafiya lau, amma layi uku na ƙasa damina ɗaya ta cinye su don ba a yi mata gindin dutse ba, ruwan indararo na dukanta

Baba Magini: Wannan laifin magini ne ba na makuba ba

Injiniya: Na yarda da rabi. Ɗan Adar buga guda shida, biyu makuba, biyu bagaruwa, biyu siminti, ƙasa ɗaya matsi ɗaya, in sun bushe ka tsoma su a bokiti su kwana

Baba Magini: Wa ke gina ɗaki cikin bokiti? Ka zuba musu ruwa da buta daga sama dai, haka hadari ke yi

Ɗan Adar: Duka biyun zan yi. Wa ke da inji ya ara mini ran Asabar?