Alhaki kwikwiyo ne: in Allah ya gafarta, kwikwiyon yana komawa?

Maman Rifkatu, Sabon Gari:
Salama gare ku ƴan'uwa. Wata magana ce ta hana mu barci a gida, na ce bari in kawo ta gaban manya. Ƙanena ne. Lokacin da ake rububin zinariya a Jado, wani bawan Allah ya ba shi babur yana kabu-kabu, kullum da yamma ya kai masa kuɗin yini. Sai ya sayar da babur ɗin a ɓoye, ya yi guzuri ya haye arewa. Ko ƙwayar zinariya bai samo ba, ya daɗe yana gararamba, ya dawo da tari da rama. Bara ya tuba, tuba ta gaske. Ya tsaya gaban ikilisiya ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, dattawa suka yi masa addu'a, aka mayar da shi cin jibin Ubangiji. Ya je ya durƙusa gaban mai babur, mutumin ya ce ya yafe, amma kuɗinsa na nan. Kuma har yau babu wanda ya yarda ya ba shi ko amalanke. Shekaranjiya yana ƙorafi, sai gwaggonmu ta ce, "To, ai alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi." Yaro ya fashe da kuka, ya ce in Yesu ya biya bashinsa a kan gicciye, wane kwikwiyo ne kuma ke binsa? Na rasa amsa. Karin maganar nan ta dace da bakin mai bi?

Ɗan Mirya:
Yaya, ba ta dace ba sam. Romawa 8:1 ta ce babu sauran hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. Zabura 103 ta ce Allah ya nisantar da laifofinmu kamar nisan gabas da yamma. Kwikwiyon da aka jefa gabas, mai shi yana yamma, ta ina zai sansano shi? Gwaggo ta yi magana irin ta mutanen da, ku yi mata haƙuri, amma kada yaron ya ɗauka.

Baba Ishaku, tsohon malamin lakwal:
Ɗana, sannu da himma, amma ka yi sauri. Ka sake sauraren karin maganar. Ba ta ce zunubi kwikwiyo ne ba. Alhaki ta ce. Kalmar daga Larabci muka aro ta, asalinta ɗaya da hakki, wato abin wani da ke wuyanka. Bahaushe yakan ce "na ɗauki alhakin wane", da sunan mutum a ciki. Zunubi kuwa tsakaninka da Mahaliccinka ne. Aiki ɗaya yakan haifi duka biyu: ƙanen Maman Rifkatu ya saɓa wa Allah, ya kuma ci gumin wani. Na farko jinin Yesu ya wanke, a nan ni da kai ba mu da gardama. Na biyu yana gidan mai babur yana jira.

Ka lura kuma da dabbar da magabata suka zaɓa. Sun san kura, sun san zaki, amma suka ce kwikwiyo. Kwikwiyo ba ya cinye mutum. Binka kawai yake yi. Ka shiga Kasuwar Dole yana bayanka, ka zauna fada yana ƙarƙashin benci, da dare ya kwana yana kuka a bakin zaure, kowa ya san na wane ne. Ka jefe shi ya ja da baya, ka juya ya dawo.

Duba Dauda a 2 Sama'ila 12. Ya ɗauke Bat-sheba, ya sa aka kashe mijinta Uriya a bakin daga. Annabi Natan ya zo masa da labarin mai arziki da ya ƙwace ƴar tunkiyar matalauci. Da Dauda ya amsa laifinsa, nan take Natan ya shaida masa Ubangiji ya kawar da zunubinsa, ba zai mutu ba. To amma a zama ɗaya ɗin nan aka gaya masa takobi ba zai rabu da gidansa ba, jaririn kuma zai mutu. Ya yi azumi, ya kwana a ƙasa, ran kwana na bakwai yaron ya rasu. Daga baya Amnon ya ɓata ƴar'uwarsa Tamar, Absalom ya kashe Amnon, Absalom ɗin ya kori ubansa daga Urushalima. Wannan fa mutumin da aka gafarta wa ne, wanda ya bar mana Zabura 51.

Ɗan Mirya:
Baba, da girmanka, amma wannan Tsohon Alkawari ne. Dauda bai ga gicciye ba.

Baba Ishaku:
To mu je gindin gicciyen. Luka 23: ɓarawon nan da ya ce shi da ɗan'uwansa hakkin aikinsu suke karɓa, ya roƙi Yesu ya tuna da shi. Yesu ya yi masa alkawarin Firdausi a ranar. An sauko da shi? Ba a sauko da shi ba. Yahaya 19 ta ce sojoji suka zo suka karya ƙafafunsa tare da na ɗayan. Ga kuma Zakka mai karɓar haraji a Yariko. Yesu ya shiga gidansa, mutumin ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. A nan ne Yesu ya ce ceto ya sauka gidan. Ban taɓa karanta inda ya ce masa "bar shi, ai na biya" ba.

Malam Sani, Birni:
Ku gafarce ni in tsoma baki, ni Musulmi ne, maƙwabcin wasunku. Abin da Baba ya rarrabe haka malamanmu ke karantar da mu: akwai hakkin Allah, akwai hakkin bawa. Tuba tana son nadama, da barin aikin, da ƙudurin ba za a koma ba. In kuma akwai hakkin wani a ciki, sai an mayar masa ko ya yafe da kansa. Abin da ban gane ba shi ne na mai babur. Ya ce ya yafe, ya ce kuɗinsa na nan. Wanne ne a ciki?

Maman Rifkatu:
Malam, da na tambaye shi cewa ya yi ya yafe cin amanar, ba zai kai shi jandarma ba, ba zai kuma riƙe shi a zuci ba. Amma babur ɗin da bashi ya saye shi, shi ma sai da ya biya.

Malam Sani:
A'a, to ya yi adalci. Har ya yi alheri.

Inna Saratu:
Ni dai ina jinku, kuma ban ƙi ta Malam Ishaku ba. Amma karin maganar nan wuƙa ce, na ga an yanka marar laifi da ita. Ran Jumma'a 16 ga Janairu 2015 ina garin nan namu na Damagaram. Saboda zanen da wata jarida ta yi a Faransa, wanda ba mu gani ba balle mu sa hannu, aka ƙona majami'u, aka ƙona cibiyar al'adun Faransa, washegari abin ya koma Yamai. Ni da jikokina a ɗakin wata maƙwabciya Musulma muka ɓuya, Allah ya saka mata. Bayan ƙura ta lafa, sai ga wata ƴar'uwa a cikin zumuntar mata tana cewa mu binciki kanmu, wataƙila akwai alhakin da ke binmu. Wane alhaki? Na jikata mai shekara huɗu?

Haka ake yi wa mutanen Kara-Kara, unguwar da aka ware wa masu kuturta, tun muna yara. An ga mutum da kuturta, sai a ce ko shi ko iyayensa sun ɗauki alhakin wani. Alhali ciwo ne na ƙwayar cuta, yana da magani, mutanenmu da yawa sun je asibitin Danja kusa da Maraɗi sun warke. Almajiran Yesu ma irin tambayar da suka yi ke nan a Yahaya 9 da suka ga wanda aka haifa makaho: shi ya yi zunubi ko iyayensa? Ya ce ba shi ba ne, ba iyayensa ba ne. Mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Abokan Ayuba sun zauna kwana bakwai shiru, suna daidai. Da suka buɗe baki suna nema masa kwikwiyo, a ƙarshe Allah da su ya yi fushi.

Kuma ke Maman Rifkatu, ki raba abu biyu. Bashin babur, i, nasa ne. Tarin kuwa ku kai shi asibiti a auna majinarsa, kada a bar shi ya zauna yana cewa horon Allah ne. Ƙurar ramin zinariya ba ta san mai tuba da marar tuba ba.

Baba Ishaku:
Yaya Saratu, na karɓa. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Karin maganar ta fi kyau a bakin mai alhakin, ya faɗa wa kansa. Da zarar an nuna wani da ita, ta fara wari.

Buzuwar Tanut:
Mu a wajenmu "ubangijinsa yake bi" muke cewa, ba "mai shi" ba. Ina ƙarama na zaci Ubangiji Allah ake nufi, na yi ta mamakin abin da ya haɗa Allah da kwikwiyo.

Yakubu na Katolika:
Ƙanwata kin ba ni dariya. A wajenmu dai an daɗe da raba wannan. In ka furta zunubinka gaban firist aka yi maka gafara, ba ka tashi haka nan. Yakan ba ka abin da za ka yi na tuba, in sata ce kuma a ce ka mayar. Gafarar ta tabbata, gyaran ɓarnar kuma aikinka ne.

Ɗan Mirya:
To na ji. Amma in bashi na nan, kunya na nan, mutane na gudunsa, mene ne ya canja ran da ya tuba? Abin da yaron ke tambaya ke nan fa, kuma ban ji an amsa masa ba.

Fasto, daga wajen Matamaye:
Ɗana, tambayarka ita ce ta gaske. Da can yana gudu ne, ya ga mai babur ya canja hanya, ya ji ƙarar mota gabansa ya faɗi. Yanzu da ƙafarsa ya je. Wanda ke binsa bashi ɗaya ne jiya da yau, amma mai biyan ya daina zama ɗan gudun hijira a garinsu. Ibraniyawa 12 ta kira irin wannan horon uba ga ɗansa, ta kuma yarda cewa ba shi da daɗi a lokacin. Alƙali in ya gama da kai ya gama, uba kuwa da kai zai ci tuwon dare.

Sai dai ina da ƙorafi a kanmu mu ikilisiya. Mun iya tsayar da yaro gaban jama'a ya faɗi laifinsa, mu yi waƙa, mu watse. Onisimus bawa ne, ya gudu daga gidan maigidansa Filimon, ya ba da gaskiya a hannun Bulus. Bulus bai ɓoye shi ba, ya mayar da shi, amma da wasiƙa a hannu cewa in ya cuce ka ko kana binsa wani abu, ka sa a kaina, ni zan biya. A cikin dattawan da suka ɗora wa yaron nan hannu, wa ya ce a sa a kansa? Wa ya tsaya masa a ba shi ko kurar ruwa ce ya tura? Garin da jarka ke da daraja irin Damagaram, mai tura ruwa ba ya kwana da yunwa.

Inna Saratu:
Fasto, ka taɓo inda ke ƙaiƙayi. A bar ni da zumuntar mata.

Maman Rifkatu:
Na gode iyayena. Jiya da yamma mijina da Baba Ishaku suka raka shi gidan mai babur. Mutumin ya rage masa kashi ɗaya cikin uku, sauran zai riƙa kawo jika biyu duk ran Alhamis. Baba ya sa hannu a matsayin shaida. Gobe da safe za mu asibiti saboda tarin. Na karanta wa gwaggo abin da Inna Saratu ta rubuta, ta ce ita ba ta ce tarin ne kwikwiyon ba, kuma ba za ta janye maganarta ba. Kurar ruwan ce har yanzu ba mu samu ba, in akwai mai ba da haya ya yi mini magana.