Saba a ɗakin gida: shawarwarin da na tsinta a zamanmu

Ranar Juma'a bayan la'asar muka zauna a shagon cajin waya na ƙauyenmu, kusa da Ringim, kan yadda mutum zai kafa ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke ajiye fayiloli tana ba sauran na'urori, a ɗakinsa, ya adana hotuna, karatun malamai da takardun makaranta ba tare da ƙona data ba.

Maganar wuta ce ta cinye zaman. Yawancinmu sun karkata ga tsohuwar laftof, domin batirinta na riƙe ta idan sola ta yi sanyi da asuba. Ni ma nan na tsaya. Raspberry Pi 5, wata 'yar ƙaramar kwamfuta wadda ta fito a 2023, cin wutarta kaɗan ne, amma da wuta ta ɗauke take mutuwa, kuma hakan na iya lalata bayanan da ke katin memori. Wanda ya zaɓe ta, ya haɗa mata SSD, wato ma'ajin bayanai da ya fi katin memori ƙarko.

Wani dattijo mai gyaran rediyo ya nuna mana fankar wata kwamfuta da ƙurar hunturu ta toshe kamar auduga. Ya ce a ɗora na'ura kan kantar ajiye kaya, nesa da kwanon rufi, saboda zafin Afrilu.

Manhaja ba a yi jayayya ba: Debian ko Ubuntu Server, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, sai Docker, wanda ake ɗora sauran manhajoji a cikinsa. Nextcloud don fayiloli, Kiwix don yara su karanta Wikipedia babu intanet.

Shiga daga nesa kuwa, layin waya galibi ba ya ba ka adireshin intanet na kanka, don haka a sa Tailscale, manhajar da ke haɗa wayarka da sabar daga ko'ina. Kwafi na biyu na fayilolin a ajiye shi a gidan ɗan'uwa, a riƙa sabunta shi duk wata.