Neman shawara: malaminmu ya ce abin da na rubuta insha'i ne ba labari ba

Mai tambaya:
Slm 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah masu aikin jarida a cikinmu ku taimaka min. Ina aji biyu a sashen koyon aikin jarida, wannan zangon muka fara kwas ɗin rubuta labari. Malaminmu ya ba mu bayanan wata gobara ta gwaji, ba gaske ba ce, wai wuta ta tashi a wata kasuwa ranar Talata ƙarfe biyu na dare, shaguna 12 sun ƙone, ba wanda ya mutu, hukumar kashe gobara ta ce tana zargin wayar lantarki, sai kuma maganar wani ɗan kasuwa da ya yi asara. Ya ce mu mai da shi labari. Ni dai na fara da cewa "A ranar Talata da misalin ƙarfe biyu na dare, a daidai lokacin da al'umma ke tsaka da barci, sai wani mummunan al'amari mai tayar da hankali ya afku..." na cika shafi ɗaya da rabi, wlh ni a ganina ya yi daɗi, amma da takardar ta dawo sai na ga ya zagaye sakin layin farko da jan biro ya rubuta "ina labarin?" kawai. Toh ni ina zan fara? Ga jarrabawa ta matso.

Tsohon ma'aikacin gidan jarida:
Wa alaikumus salam 'yata. Malaminki bai zalunce ki ba. Duba jimlarki da kyau, mutum ya karanta kalma kusan talatin amma har yanzu bai san me ya faru ba, gobara ce, fashi ne, gini ne ya rufta, oho. Shi mai karatu a waya ba zai jira ki ba, yatsa ɗaya zai ja ya wuce.

Da ni ne ga yadda zan buɗe: "Gobara ta ƙone shaguna 12 a kasuwar kaza a daren Talata, amma ba a rasa rai ba, a cewar hukumar kashe gobara." Shi ke nan. Ko da a nan mutum ya tsaya ya san abin da ya faru, a ina, yaushe, kuma wa ya faɗa. Tambayoyin nan shida da za ki ji ana ta maimaitawa, me ya faru, wa ya shafa, a ina, yaushe, me ya jawo, ta yaya, ba dole ba ne ki cusa su duka a jimlar farko, ki zaɓi waɗanda suka fi nauyi, sauran su biyo a sakin layi na biyu da na uku. Sakin layi na biyu sai ki kawo zargin wayar lantarkin, na uku ki shigo da ɗan kasuwar da maganarsa, can ƙasa ki sa bayanin baya in akwai.

Tsarin da ake kira dala a kife ke nan, mafi muhimmanci a sama, mai sauƙi a ƙasa. Lokacin da muke aiki a takarda in talla ta shigo da daddare fili ya ragu, edita ba ya da lokacin sake rubuta miki komai, daga ƙasa yake datsewa, in kin ɓoye adadin shagunan a sakin layi na ƙarshe to sun tafi kwandon shara. Sannan ki cire "mummunan" da "mai tayar da hankali" ɗin nan, shago 12 sun ƙone, mai karatu ya san ba abin daɗi ba ne ba sai kin faɗa masa ba.

Wata mai karanta labarai a rediyo:
Baba ya gama magana, sai dai ƙanwata ki sani abin da ya faɗa na jarida ne da intanet, in rediyo za ki shiga akwai ɗan bambanci. Mu kunne muke rubuta wa, kuma mai sauraro ba zai iya komawa baya ya sake ji ba, wataƙila ma yana tuƙa adaidaita sahu ko tana tuƙa tuwo. Don haka mu majiyar muke fara sawa: "Hukumar kashe gobara ta ce shaguna 12 sun ƙone..." saboda kar mutum ya ji maganar ya ɗauka gidan rediyon ne ya yanke hukunci. Jimla gajera, tunani ɗaya a jimla ɗaya, muƙamin mutum kafin sunansa, kuma in kuɗi ne masu tarkacen lambobi sai mu ce kusan naira miliyan biyar maimakon karanto su ɗaya bayan ɗaya har numfashi ya ƙare.

Abin da ya fi taimaka min shi ne karanta abin da na rubuta da ƙarfi, duk inda na sarƙe to jimlar ce ba ta yi ba. Ki riƙa sauraren labaran BBC Hausa, tun 1957 suke wannan aikin, da DW da RFI, amma da biro a hannu, ki rubuta jimlar farko ta kowane labari ki ga me suka sa a gaba.

Ɗan aji huɗu:
Hhhh wlh duk mun sha jan biron nan, ki kwantar da hankali Anti. Ni dabarata ita ce in tambayi kaina, in na shigo gida a guje Umma ta ce me ya faru, me zan fara ce mata? Ai ba zan ce "a daidai lokacin da al'umma ke barci" ba, cewa zan yi Umma kasuwa ta ƙone. To wannan ne lid ɗinki, wato jimlar da ake buɗe labari da ita.

Wakilin kotu:
Ni da nake ɗauko labaran kotu, inda zan ja kunnenki daban ne, don tsarin jimla a wata ɗaya za ki iya, abin da ke kai ɗan jarida ƙasa shi ne majiya. Kin lura hukumar cewa ta yi tana zargin wayar lantarki? To kar ki kuskura ki rubuta "wayar lantarki ce ta haddasa gobarar", ba su ce haka ba, bincike bai ƙare ba. Haka in 'yan sanda suka yi holen mutum, wanda ake zargi ne ba ɓarawo ba, sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Kika kira shi ɓarawo kotu ta sallame shi, ƙarar ɓata suna ce za ta biyo ki ke da gidan da kike wa aiki. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 24 ɗinta an sha amfani da shi wajen kama 'yan jarida, ko da yake an yi masa gyara a 2024, gara dai ki san da zamanta. In labari ya taɓa wani, ki nemi jin ta bakinsa, in ya ƙi ɗaukar waya ki rubuta cewa kin neme shi bai amsa ba. Yaro ƙarami ko wadda aka yi wa fyaɗe kuwa ba a sa suna ba a sa hoto, ko unguwar ma a yi hattara.

Kuma sunan mutum ki sa shi ya faɗa miki harafi bayan harafi, Muhammad ne ko Mohammed ko Mamman, mutane sun fi jin haushin a ɓata musu suna a rubuce fiye da yadda kike zato.

Tsohon ma'aikacin gidan jarida:
Na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma ban cika goyon bayan a tsorata yara da kotu tun ba su iya haɗa jimla ba, sai ka ga sun koma kwafe sanarwar gwamnati kalma da kalma wai don kar su shiga matsala, su fara da "Mai girma kwamishina ya halarci taro...". Halartar taro ba labari ba ne, me ya ce a wajen wanda zai shafi aljihun talaka, shi ne labarin, kuma sau da yawa yana can shafi na biyu na sanarwar.

Mai tambaya:
Kai na gode sosai Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya. Ga yadda na sake: "Gobara ta ƙone shaguna 12 a wata kasuwa a daren Talata, sai dai babu asarar rai, kamar yadda hukumar kashe gobara ta ce. Hukumar ta ce tana zargin wayar lantarki ce ta jawo wutar, wadda ta tashi da misalin ƙarfe biyu na dare." Ya yi?

Wakilin kotu:
Ya yi ƙanwata. Saura abu ɗaya, ƙarfe biyu na daren Talata ɗin nan ki tambayi malaminku, daren Litinin ne wayewar Talata ko daren Talata wayewar Laraba, don mutum biyu za su karanta kowa ya fahimci rana daban. Sannan ki turo sakin layin ɗan kasuwar mu ga yadda kika sa maganarsa.