Musayar waƙa: baitin "Na gaji" a kan ma'auni

Ƴar Yakasai:
Assalamu alaikum. Ga baiti, ku feɗe min shi, amma da waƙa za a ba ni amsa.

Idan kun ji na ce da ku na gaji,
Da fuskar da ke murmushi na gaji,
Da "lafiya lau" ɗin da ba gaskiya,
Abin nan a raina yake, na gaji.

Malam na Dala:
Ƴata, na ɗora shi kan ma'auni,
Mutaƙarabi ne, ga shi a bayani:
Idan kun / ji na ce / da ku na / gaji,
Fa'ulun uku, sai guntuwa, kin gani?
Karin Halilu na Basra, babban masani.
Amsa-amonki kuwa yana da rauni,
Kalma guda sau uku, ma'ana guda,
Iɗa'i ke nan, aibi ne a fanni.

Ɗan Fagge:
Allah gafarta Malam, ina da magana,
Leƙa Ƙofar Mata ka dubi marina,
Tsomi ɗaya ba ya sa baba ya kama,
Sai an mayar, an mayar, kafin ya zauna.
Wanda ya gaji ba ya canza lafazi,
Abu ɗaya yake nanatawa, dare da rana.
In ta musanya da "kaji" ko da "daji",
Doka ta cika, amma ina ma'ana?

Uwar Ilham, Gwale:
Ku koma ɗango na uku, ƴan uwa,
Nan ne kunnena ya yi tsayuwa.
"Da lafi", ƙafar ta rasa nauyin ƙarshe,
Zihafi ne, halal, ba abin damuwa.
Amma a kan kalmar ƙarya ya faɗo,
Kuma nan "ji" ya ɓace, "ya" ta yi shigowa.
Ƙanwata, kin nufa ko dacewa ce?
Ni dai nan wurin ya sa ni ƙwalla da yawa.

Ƴar Yakasai:
Yaya, da gangan na saki amsa-amo,
"Gaskiya" na so ta tsaya ita kaɗai.
Zihafin kuwa, harshe ne ya kawo shi,
Haka nake faɗin gaisuwar, a guntule dai.

Malam na Dala:
A baiti ɗaya na yarda, ya yi kyau,
A ashirin fa kunne zai ƙosa, ƴata.
Riƙe "na gaji" ya zama amshi a ƙarshe,
Sauran ɗangwaye ki ba su kalmomi nasu.
Turo na biyu kafin la'asar in duba.