Gidan mai sun ce sai na cire hular kwano

Tambaya: Salam 'yan uwa. Jiya na tsaya shan mai a mashin ɗina, ma'aikacin ya ƙi kunna famfo wai sai na cire hular kwano, alhali ga mai mota sanye da takunkumi ba wanda ya ce masa ƙala. Wallahi raina ya ɓaci. Meye dalili don Allah?

Amsa: Yi haƙuri malam, saboda kyamara ne. Wasu sai su cika tanki su tsere ba su biya ba, wasu ma fashi suke zuwa yi, hular ta rufe fuska ba a gane kowa, kuma galibin mashin lamba a baya kawai take.

Amsa: To amma ai kuɗin goro aka yi mana! Mai tabarau sai ya cire tabarau, ya cire safar hannu, ya kwance maɗauri, duk don lita 3.

Amsa: Ɗan uwa ni na yi aikin, mutum ya tunkaro ka da daddare ba ka ganin fuskarsa dole gabanka ya faɗi. Nemi hular da gabanta ke ɗagawa, yawanci ba sa magana.