Shin tafiyar kamfanin Turawa ce ta durƙusar da noman Jazira?

Alhaji Sani, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina nan a kan maganar da na yi wadda ta ɓata wa wasu rai, cewa aikin noman Jazira, wato babban shirin noman rani na ƙasar Sudan, ya fara mutuwa ne tun ranar da kamfanin Turawa ya cire hannunsa daga ciki. Daga 1925 da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar zuwa 1950 da wa'adin kamfanin ya ƙare, kowane manomi ya san ranar shuka da ranar ban ruwa da ranar cirar auduga, kuma wanda ya yi sakaci da hawasharsa, wato gonar da aka ba shi ya noma, mufattishi mai sa ido a kan gonaki yana iya karɓe ta ya ba wani. A ƙarshen wancan zamani ana raba kuɗin auduga ne kashi 40 cikin ɗari ga manoma, 40 ga gwamnati, 20 ga kamfani, saboda haka duk wanda ke da rabo yana da dalilin sa ido. Tsoro da tsari su ne suka riƙe aikin, kuma da suka tafi sai komai ya bi bayansu.

Malam Haruna, Wad Madani:
Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma shekarun da kuka kawo da kansu ba su goyi bayanku ba. Idan tafiyar kamfani ce ta kashe aikin, yaya aka yi faɗaɗawa mafi girma a tarihinsa ta zo bayan samun 'yancin kai a 1956? Hukumar Jazira mai hedikwata a Barakat, wadda 'yan ƙasa suka riƙe, ita ce ta buɗe yankin Manakil a ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960, har faɗin aikin ya kusan ninkawa ya kai kimanin fadan miliyan 2 (fadan ma'aunin fili ne mai kusan girman eka). Yarjejeniyar ruwan Nilu ta 1959 ta ba Sudan mita mai siffar sukari biliyan 18.5 a shekara, aka kuma gama madatsar Rusairis a 1966. Sannan zamanin kamfanin ma ba duka ne lafiya lau ba. A farkon shekarun 1930 farashin auduga ya faɗi warwas a kasuwar duniya, cututtuka suka cinye amfanin, manoma da yawa suka gudu suka bar hawashoshinsu, kuma a lokacin ne wasu daga cikin kakanninmu da suka zo daga ƙasar Hausa suka samu shiga a matsayin masu gona, domin an rasa mai karɓa.

Hajiya Rabi, Gadarif:
Ina neman afuwar manya, amma ku duka biyun kuna magana ne daga bakin ofis. Ni a kambo na tashi, wato zangon leburorin gona (jam'insa kanabi), kusa da Hasahisa, kuma abin da idona ya gani shi ne, audugar da Alhaji yake yabo hannun iyayenmu mata ne ya cire ta. Tun da asuba suke shiga gona lokacin sanyi, yatsunsu duk sun tsattsage saboda ƙaiƙayin ɓawon, da yamma a auna abin da suka tara a biya su ladan da ba ya wuce na cefane. Mutanenmu da suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda suka tsaya a hanyar hajji don su tara guziri, da 'yan'uwanmu na Darfur, su ne suka ɗauki nauyin aikin, amma yawancinsu ba su da hawasha, ba su da takardar filin da suka gina bukka a kai, ruwan da suke sha ma daga magudanar gona ne, shi ya sa tsargiya ta zama kamar gado a kanabi. To wace nasara ake nufi? Idan ribar ta dogara ne a kan arhar guminmu, ai dole ta ragu ranar da samari suka gane cewa lebura a Khartum ko a Jidda ya fi mai cirar auduga samu. Alhaji da kansa shaida ne, tunda ba a Manakil yake rubuto mana ba.

Alhaji Sani, Jidda:
Hajiya, kin taɓa ni inda ya dace, kuma ban musa zaluncin da aka yi wa mutanen kanabi ba. Sai dai zaluncin bai ƙare da tafiyar Turawa ba, ya ci gaba a hannun 'yan ƙasa, amma ruwa ya daina kaiwa ƙarshen gona. Wanne ya fi, a zalunce ka akwai amfanin gona, ko a zalunce ka babu?

Bashir, Sinnar:
Baba Alhaji, ku ba ni dama in yi magana a kan ruwan, domin a ganina nan ne asalin ciwon yake, kuma ba ya tambayar launin fatar mai mulki. Shuɗin Nilu yana gangarowa daga tsaunukan Habasha ɗauke da laka mai yawa, musamman a watannin Yuli da Agusta. Ruwan yana fita daga Sinnar ta babbar magudana, ya rarrabu zuwa matsakaita da ƙanana, sannan ya shiga wadda manoma ke kira abu ishirin, mai shayar da namba ɗaya, wato jerin gonaki mai fadan 90, daga nan ya faɗa abu sitta ya isa gona. Duk wannan tafiya gangaren ƙasa ne kawai ke tura ruwan, babu inji, don haka da zarar laka ta kwanta ciyawa ta fito a kai, na kusa da bakin magudana zai sha ya ƙoshi, na ƙarshe kuwa ya zuba wa dawarsa ido tana bushewa. An tsara magudanan ne don auduga da ɗan abin da ke biye mata, tare da barin fili mai yawa ya huta. Da aka zo shekarun 1970 aka cusa alkama da gyaɗa a filayen hutun, sai buƙatar ruwa ta ƙaru, lakar da ke shigowa ta ƙaru, amma kuɗin yashewa bai ƙaru ba. Wannan lissafi ne da ko kamfanin Turawa ya tarar da shi sai ya biya ko ya durƙushe.

Malam Haruna, Wad Madani:
Madalla da wannan bayani, ɗana Bashir, sai dai tambayar da ta rage ita ce me ya hana a biya kuɗin yashewar. A nan nake ganin laifin gwamnatoci ne, ɗaya bayan ɗaya. Shekara da shekaru auduga ce babbar hanyar samun kuɗin waje ta Sudan, amma ana sayenta daga manomi a kan canjin gwamnati mai rahusa, a kuma jinkirta biyansa har ya faɗa hannun 'yan kasuwa masu ba da bashin shel, wato ya sayar da amfaninsa tun yana kore a farashin da suka ga dama. Ga farin ƙuda da ya addabi auduga a ƙarshen shekarun 1970 ya sa ta danƙo, masu saye a waje suka rage mata daraja. A farkon shekarun 1980 aka soke asusun haɗin gwiwa aka koma kowane manomi da nasa asusun, ana cajinsa kuɗin ƙasa da ruwa ko ruwan ya iso ko bai iso ba. Da aka fara fitar da man fetur a 1999 kuwa, sai hankalin Khartum ya tashi daga kan gona gaba ɗaya.

Baba Idi, Mai Wurno:
'Ya'yana, jikana ne ke rubuta mini. Ni dokar 2005 nake zargi fiye da kowa, kuma a nan na ɗan karkata wajen Alhaji. An ce an ba manomi 'yancin shuka abin da yake so, an kuma miƙa kula da ƙananan magudanai ga ƙungiyoyin manoma. Magana ce mai daɗin ji, amma a namba ɗaya sai ka tarar wannan ya shuka dawa, wancan albasa, wancan alkama, kowa da ranar da yake son ruwa, alhali magudana ɗaya ce. Gafir mai buɗe ƙofar ruwa da rufewa ya ɓace, aka sallami ma'aikata, ƙaramin jirgin ƙasan da ke kwasar auduga ya tsaya, masana'antun gurza suka fita daga hannun hukuma. Mai kuɗi ya sayi famfo ya jefa a magudana ya janye rabon maƙwabcinsa da dare. An ce jiki magayi, mu da muka yi noma kafin dokar da bayanta mun san bambancin.

Hajiya Rabi, Gadarif:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, na yarda an yi ɓarna a dokar, amma ita ma da aka rubuta ta ba a ambaci mutanen kanabi a matsayin masu haƙƙi ba, kamar yadda ba a ambace su a 1925 ba. Kuma da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kai Wad Madani a Disambar wannan shekarar, har zuwa Janairun 2025 da sojoji suka karɓe garin, mazauna kanabi suna cikin waɗanda suka fi shan wuya. Yanzu da ake maganar farfaɗo da aikin, ina son Alhaji ya faɗa mana ƙarara: a tsarin da yake so a dawo da shi, wa zai riƙe hawasha, wa kuma zai sake shiga cirar auduga da asuba?

Alhaji Sani, Jidda:
Hajiya, wanda ya noma shi ya kamata ya riƙe, ko daga kambo ya fito ko daga gari, amma da sharaɗin cewa namba ɗaya amfani ɗaya, kuma wanda ya saci ruwa a karɓe gonarsa. Malam Haruna kuma har yanzu bai gaya mini wace hukuma ce a yau za ta iya zartar da wannan hukunci a kan ɗan babban mutum ba.