Taƙaitawa: Alamun shanyewar jiki na wucin gadi ga masu ciwon CMT

Abin da ya fi jan hankali a wata tattaunawa da aka yi kan wannan batu shi ne yaron da ke da ciwon Charcot-Marie-Tooth (CMT), ciwon gado da ke raunana jijiyoyin hannu da ƙafa, ya wayi gari harshensa ya yi nauyi, gefe guda na jikinsa ya saki, yana tangaɗi. Bayan 'yan sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu sai ya warware sarai.

An fi ganin haka a nau'in CMTX1, mai alaƙa da ƙwayar halitta GJB1, musamman ga yara maza da samari. Furotin ɗin da wannan ƙwayar halitta ke samarwa, connexin 32, shi ne ke da tangarɗa, kuma yana aiki a ƙwaƙwalwa ma. Zazzaɓi, aikin ƙarfi da tafiya wurare masu tsayi sosai su ne aka fi ambata a matsayin masu tayar da waɗannan alamu.

Shawarar da kowa ya yarda da ita: a garzaya asibiti, kada a zauna jiran ya wuce, domin da ido ba a bambance shi da shanyewar ɓarin jiki ta gaske. A faɗa wa likita tarihin dangi tun daga farko. Ni a ganina wannan ne aka fi sakaci da shi, alhali wani lokaci yaron bai ma fara nuna raunin ƙafa ba, kawunsa na wajen uwa ne ke ɗingishi. Hoton MRI kan nuna tabo a farin sashen ƙwaƙwalwa, wanda ke gushewa cikin makonni ko watanni, don haka a maimaita hoton, a kuma nemi gwajin ƙwayar halitta.